Babi na Biyar: Maraƙin da Ke Ramewa Cikin Ɗanyar Ciyawa

Duk wanda ya taɓa zama da makiyaya, ko ya turke 'yan shanu a bayan gida, ba zai rasa jin wannan tambaya ba: me ke sa maraƙi ramewa a tsakiyar damina, alhali ga ciyawa ta yi shar ko'ina, ga ruwa a kowane kududdufi, uwarsa kuma ba ta hana shi nono ba? Ramar rani kowa ya san sababinta, domin idan harawa ta ƙare, karan gona ya ƙare, ba abin da ya rage wa dabba sai ta ci jikinta. Amma ramar da ke zuwa a lokacin yalwa ita ce mai ɗaure kai, har wasu su ce kambun baka ne, wasu su ce wurin ne bai karɓi garken ba, a kwashe ruga a yi gaba. Masu sauya mazaunin sau da yawa sukan ga sauƙi, kuma za mu ga dalili nan gaba. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, galibin irin wannan rama aikin wasu tsutsotsi ne sirara waɗanda ke zaune cikin dabbar suna shan jininta, da ita kanta ɗanyar ciyawar suka shiga.

Cuta marar hayaniya

Cututtukan shanu da suka yi suna a ƙasarmu masu kisan gaggawa ne. Bushiya, wadda ta share garkunan Afirka a ƙarshen ƙarni na 19 har ta bar Fulani masu yawa ba ko saniyar tatsa, ita ce ta sa aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom a 1924, kuma ba a gushe ana yaƙarta da allurar rigakafi ba sai da aka ba da sanarwar ƙarewarta daga duniya baki ɗaya a 2011. Ciwon huhu da harbin dawa su ma idan suka faɗa wa garke, kafin a kwana biyu labari ya kai ga ardo, ya kai ga malamin dabbobi.

Tsutsar ciki ba haka take ba. Ba kasafai take kashe babbar saniya ba, ba ta sa a rufe kasuwa, ba wanda ke kai rahotonta ga hukuma. Ɓarnarta a hankali take tafiya: maraƙin da ya kamata ya yi jiki cikin damina guda sai ya tsaya cak, karsanar da ta isa barbara sai ta ƙara shekara ba ta ɗauki ciki ba, nonon da ke cika ƙwarya sai ya dawo rabi, bijimin da aka kai Potiskum ko Maigatari sai dillali ya taya shi da abin da bai kai kuɗin wahalarsa ba. Mai shanu ya ce shekarar ce ba ta yi kyau ba. A ganina, da za a tara wannan hasara ta ɓoye a ɗora ta a kan mizani, da ba a ci gaba da raina ta kamar yadda ake yi ba.

Inda take zaune

Allah cikin hikimarsa ya halicci saniya, da sauran dabbobi masu tuƙa, da ciki mai ɗakuna huɗu. Na farko shi ne tumbi, wanda ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, inda ciyawa ke jiƙa tana ruɓewa kafin dabba ta dawo da ita baki ta sake taunawa. Na biyu ƙarami ne mai zane irin na saƙar zuma, na uku mai shafi-shafi ne da ke tsotse ruwan abinci, na huɗu kuwa, wanda ke dab da hanji, shi ne ciki na haƙiƙa, mai tsami da ruwan narkar da abinci irin na ɗan Adam. A wannan na huɗu tsutsar da muke magana a kanta take zaune.

A nan akwai ruɗu da ya kamata a kau. Mahauta kan ga waɗansu abubuwa jajaye-jajaye, gajeru masu kauri, manne da bangon tumbi idan sun zo wanke kayan ciki, mutane kuma su ɗauka su ne tsutsar ciki. Waɗannan wata halitta ce dabam, kuma idan sun riga sun girma sun zauna a tumbi ɓarnarsu kaɗan ce. Mai ɓarnar, wadda masana ke kira Himonkus, sai an tsaga ciki na huɗu an duba da natsuwa ake ganinta, domin tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kaurinta kuma na zaren ɗinki ne. Ta macen tana da kama ta musamman, sai ka ce an murɗa jan zare da fari wuri guda: jan hanjinta ne cike da jinin dabbar, farin kuwa mahaifarta ce cike da ƙwai. A bakinta akwai ɗan tsinke da take tsaga bangon ciki da shi, ta sha, ta matsa gaba ta sake tsagawa, wurin da ta bari kuma ya ci gaba da zubar jini na ɗan lokaci.

Ba ita kaɗai take ba. A ƙaramin hanji akwai 'yar'uwarta Kufariya, mai hana cin abinci da kawo zawo. Akwai wata mai ƙugiya a baki wadda ke iya shiga ta fatar ƙafa idan dabba ta daɗe tsaye cikin caɓin turke. A babban hanji akwai mai haddasa ƙuraje a bangon hanji, waɗanda duk mahauci ya san su. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Niyuzilan wadda ta fi damun shanu wata ce dabam mai suna Ostatajiya, wadda ɓarnarta ita ce lalata gurabun da ke samar da tsamin ciki har abinci ya daina narkewa. A ƙasar zafi irin tamu, mai shan jinin ce gaba.

Lissafin jini

Mai karatu zai iya cewa, ina abin da halitta mai kaurin zare za ta yi wa dabba mai kilo 100? Amsar tana cikin yawa. An auna, musamman a jikin tumaki, an ga cewa tsutsa 20 suna janyo hasarar jini kimanin mililita 1 a kowace rana. Ke nan tsutsa 5,000, adadin da ba abin mamaki ba ne a cikin dabbar da ta kamu sosai, suna ɗebe rubu'in lita kullum. Maraƙi mai kilo 100 kuwa duk jinin jikinsa bai wuce lita 6 zuwa 7 ba. Jiki yakan yi ƙoƙarin mayar da abin da ya zuba, amma ba ya yin jini sai da sinadarin gina jiki da na ƙarfe, waɗanda da su ne ya kamata a gina tsoka da ƙashi. Saboda haka sai ka ga maraƙi yana ci dare da rana, abin da ya ci duk yana tafiya wajen biyan bashin jini, girma ya tsaya.

Daga kashi zuwa ciyawa

Tsutsa ba ta haihuwa ta yawaita a cikin dabba kai tsaye, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin duka. Kowace Himonkus guda da ke cikin saniya, da bakinta ta haɗiye ta.

Ta mace guda tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, waɗanda ido ba ya gani, su fita tare da kashi. Idan akwai ɗumi da laima, cikin kwana ɗaya ko biyu sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan su zauna cikin kashin suna cin ƙananan halittun da ke ciki, su yi saɓa sau biyu, kafin mako guda sun kai matsayin da za su iya kama dabba. A wannan matsayi tsawonsu bai kai milimita 1 ba, ba sa ci ba sa sha, suna lulluɓe da tsohuwar fatarsu wadda ke kare su daga bushewa. Sai ruwan sama ya faɗo ya wargaza kashin, su fantsama cikin ciyawar da ke kewaye, su riƙa bin laimar raɓa suna hawa ganye da sassafe da maraice, rana ta yi zafi su sauko gindi. Galibinsu ba sa wuce santimita 10 daga ƙasa. Dabbar da ta sa baki ta yagi wannan ciyawa ta haɗiye su, su zame lulluɓinsu a tumbi, su wuce ciki na huɗu, su shige bangonsa su ƙara girma, su fito su kama shan jini. Cikin mako uku zuwa huɗu su ma sun fara zuba nasu ƙwan.

To, a auna wannan da daminarmu, wadda a ƙasar Kano ko Zariya take ɗaukar wata huɗu zuwa biyar. Ƙwan da aka zuba a Yuni ya zama uwa a Yuli, jikokinsa suna kan ciyawa a Agusta, kowane zagaye yana ninka na bayansa. Shi ya sa ramar ta fi bayyana daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da ido ke ganin abinci ya fi yawa. Kuma a duba wanda abin ya fi shafa. Da safe manyan shanu kan fita kiwo nesa, inda ciyawa ke da tsawo kuma kashi ya warwatsu, maruƙa kuwa a kwance su daga dangwali su yini suna tsintar gajeriyar ciyawa a gefen ruga, inda garken duka ya kwana yana zuba kashi wata da watanni. Mafi raunin garke aka bari a wuri mafi ƙazanta. Babbar saniya, bayan ta ga damina biyu, jikinta yakan koyi kare kansa har tsutsa kaɗan ce ke iya zama a cikinta. Ɗan maraƙin da aka yaye bana bai san komai ba tukuna.

Inda take cin rani

Yanzu ga tambayar da mai hankali zai yi. Idan 'ya'yan tsutsa ba sa rayuwa sai da laima, ƙasarmu kuwa tana yin wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa, ga iskar hunturu mai busar da komai, ga ranar bazara mai ƙona ƙasa, daga ina tsutsa ke dawowa kowace shekara?

Gaskiya ne rani yana wanke makiyaya, kashin da ya faɗi a tudu cikin Janairu yakan bushe kafin ƙwan da ke ciki ya kai ko'ina. Amma tsutsar tana da dabarar da duk mai kamun kifi a fadama ya sani daga gaiwa, wadda idan ta ga tafki zai ƙafe sai ta nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta ta kwanta, ba ci ba motsi, har ruwa ya dawo. Haka 'ya'yan tsutsar da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, da yawansu ba sa ci gaba da girma. Sai su shige bangon ciki na huɗu su yi kwanciyarsu, ba sa shan jini, ba sa zuba ƙwai, ko an duba kashin dabbar da madubin likita ba za a ga alamarsu ba. Binciken da masana suka yi a kan tumaki da shanun arewacin Nijeriya, musamman a kewayen Zariya, ya tabbatar da wannan ɗabi'a. Idan bazara ta yi nisa, gab da faɗuwar ruwa, sai su farka su girma su kama shan jini, a daidai lokacin da dabbar ta fi kowane lokaci rauni saboda yunwar rani, su kuma fara zuba ƙwan da ruwan farko zai raya. Mutuwar da ake gani a farkon damina, wadda ake ɗora wa sabuwar ciyawa laifinta, wani kaso nata daga nan yake.

Akwai kuma wuraren da rani ba ya wankewa: fadamu, da bakin madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori, da dausayin Haɗejiya da Nguru, da gaɓar Tafkin Chadi, inda garkuna daga ko'ina ke cunkushewa a kan 'yar ɗanyar ciyawar da ta rage. A can zagayen ba ya tsayawa.

Yadda ake gane ta

Alama mafi aminci tana cikin ido. A riƙe dabba a ja fatar idonta ta ƙasa a duba a cikin haske: mai lafiya ja ce ko ruwan hoda mai ƙarfi, wadda jininta ya ragu kuwa ta koɗe, wani lokaci fara fat. Haka dasashi. Sai kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa, wanda idan an danna shi da yatsa yakan lotsa, domin ruwa ne ya taru saboda jinin ya tsinke. Gashi ya tashi ya daina sheƙi, ciki ya yi girma alhali haƙarƙari a waje, dabba ta riƙa zama ƙarshen garke tana haki. Zawo ba sharaɗi ba ne, domin mai shan jinin ita kaɗai ba ta cika kawo shi ba, sai in ta haɗu da na hanji.

Sai dai waɗannan alamomi ba nata ba ne ita kaɗai. Sammore da ƙudan tsando ke kawowa, da ciwon hanta, da cututtukan kaska, duk suna rage jini. Wanda ke da hali ya ɗebi ɗanyen kashi ya kai asibitin dabbobi a ƙidaya ƙwan da ke ciki, aiki ne mai sauƙi da araha idan aka gwada shi da kuɗin allurar da za a yi a kan zato.

Magani da lokacinsa

Tun kafin zuwan maganin Turawa makiyaya na jiƙa ɓawon maɗaci ko na marke su ɗura wa dabba, suna ba ta kanwa, kuma ba daidai ba ne a yi wa wannan ilmi na gado kallon raini. Illarsa ita ce ba shi da tabbataccen ma'auni, ba kuma wanda zai iya lamunce cewa ya kai ga masu kwanciya a bangon ciki. Magungunan zamani da ke kasuwanninmu gida uku ne. Akwai gidan farin magani na ɗura ko na ƙwaya, wanda aka fara da tiyabendazol a 1961, albendazol kuma shi ne ya fi yaɗuwa yanzu, akwai lebamizol, akwai ibamektin, wanda ya fito a 1981, aka samo asalinsa daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓayar ƙasar Japan, har mutum biyun da suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, suka sami lambar Nobel a 2015.

Amma magani, kome kyansa, abin da ke cikin dabba a ranar kawai yake kashewa. Gobe idan ta koma wa ciyawar jiya ta sake ɗiba. Saboda haka lokaci ya fi yawan bayarwa muhimmanci. A ƙasar da ke da damina guda, ya kamata a ba maruƙa da 'yan shekara guda magani bayan ruwa ya zauna da mako uku ko huɗu, a sake dubawa a tsakiyar damina a ba waɗanda suka nuna alama, sa'an nan, wanda ya fi duka muhimmanci, a ba su a farkon rani bayan ciyawa ta bushe, da albendazol ko ibamektin waɗanda ke iske masu kwanciya, domin dabba ta shiga watannin yunwa ba tare da mai raba ta da jininta ba. A kiyaye, ba a ba saniya albendazol a kwana 45 na farkon cikinta, domin yana iya cutar da ɗan tayi; allurar ibamektin kuwa ba a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane su sha, kuma ba a yanka dabbar da aka yi wa ita sai bayan fiye da wata guda. Wannan amana ce a wuyan mai shanu, domin mai sayen nono a bakin kasuwa ba shi da hanyar sani.

Idan magani ya daina ci

A cikin dubban tsutsotsi ba a rasa 'yan kaɗan da aka halitta da juriyar magani. Idan an ba da cikakken ma'auni galibi sukan mutu, idan kuwa an rage, ko don tsimi, ko don an kintaci nauyin dabba da ido an yi ƙasa, ko don maganin jabu ne, ko ya yini cikin rana a kan tabarmar mai talla har ƙarfinsa ya tafi, sai masu rauni su mutu masu juriya su tsira, su kaɗai su hayayyafa. Shekara kaɗan sai garken ya cika da zuriyarsu, a ɗura magani kamar an ɗura ruwa. Wannan ya riga ya faru a gonakin tumaki na Afirka ta Kudu da Ostareliya, da gonakin shanu na Birazil da Ajantina, ba kuwa wani abin da zai hana shi faruwa a wurinmu.

Rigakafinsa a hannunmu yake. A auna ƙirjin dabba da igiyar awo don a san nauyinta, a sayi magani mai lambar rajistar hukumar NAFDAC daga wurin da aka adana shi a inuwa, a kuma daina ɗura wa garke duka kowane wata. A nan akwai abin da ke saɓa wa tunanin farko: barin manyan shanu masu ƙoshin lafiya ba magani maslaha ce, domin 'yan tsutsotsin da ke cikinsu, waɗanda magani bai taɓa tacewa ba, su ne za su cuɗanya da masu juriya su raunana zuriyarsu. Wannan ya fi ƙarfi a maganin farkon rani, lokacin da babu tsutsa a waje, duk abin da ya tsira a ciki shi ne irin baɗi. Mai shakkar maganinsa ya sa a ƙidaya ƙwai a ranar bayarwa, a sake bayan kwana 14. Magani mai aiki yakan rage su da kashi 95 cikin 100 ko fiye.

Abin da kiwo ke iya yi

Yanzu an ga dalilin da ya sa masu kwashe ruga ke samun sauƙi: sun bar 'ya'yan tsutsa a baya, waɗanda tun da ba sa ci, ga zafin ƙasarmu, galibinsu kan mutu cikin wata ɗaya zuwa biyu idan ba su sami dabba ba. Kiwon yawo na da, lokacin da daji ke da faɗi kuma burtali a buɗe, magani ne da kansa. Yau da gonaki suka cinye makiyaya, shanu masu yawa suka taru a fili kaɗan, wajibi ne a yi da niyya abin da dā yake faruwa da kansa: a riƙa matsar da dangwali, a ware wa maruƙa wurin da manya ba su kwana a kai ba, a kwashe kashin turke a kai gona inda ake bukatarsa, kada a bari a cinye ciyawa har ƙasa, wanda ke yanko ciyawa kuma ya yanko daga inda ba a kiwo. Ɗan abin da aka ƙara wa maraƙi na angurya, ko harawar gyaɗa, ko 'ya'yan gawo, yana taimakonsa mayar da jini da saurin koyon kare kai. Ko buzuzu, da ke binne kashi kafin ƙwai su ƙyanƙyashe, ma'aikaci ne a wannan fage, kuma yawan ibamektin da ke fita cikin kashi yana kashe 'ya'yansa.

Sai dai akwai dabbar da za a yi wa duk wannan, a ɗura mata magani a kan ƙa'ida, ido ya ci gaba da fari, haɓa ta ci gaba da kumbura, musamman idan ta ci rani a fadama. Irin wannan ba a ciki na huɗu matsalarta take ba, tana cikin hanta, kuma mai kawo ta ba ta isa ga saniya sai ta bi ta jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya gudu. Yadda wannan ke faruwa, da abin da ya sa mahauta ke zubar da hantar da ta yi tauri, shi ne maganar babi na gaba.